Masu Cewa a Koma Ƙauye a Birni Suke Kwana

Watannin baya na halarci wani taro a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na Kano, irin tarukan nan da ake shiryawa domin lalubo bakin zaren matsalolin Arewa. Wani dattijo, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, ya karɓi abin magana ya ce duk abin da ke damunmu tushensa guda ne: matasa sun guje wa gona sun cika birni. Maganin ma, a cewarsa, a fili yake. A mayar da su ƙauyukansu, a ba su iri da taki, Kano ta samu ta numfasa. Aka tafa masa ƙwarai. Na san dattijon, na kuma san ƙauyen da aka yanke masa cibi. Rabonsa da kwana a can ya haura shekara talatin. 'Ya'yansa a birni suka yi karatu, likitansa a birni yake, kuma da aka tashi daga taron unguwar Nassarawa motarsa ta nufa.

Ban kawo labarinsa don in ci masa fuska ba, domin da ni ne shi, inda ya zauna nan zan zauna. Abin da ya dame ni shi ne maganar tasa ta zama hadda a bakin manyanmu. Gwamna yana yin ta, malamin jami'a yana yin ta, mai sharhi a rediyo yana yin ta, kuma kusan shekara hamsin ke nan ana gina manufofin gwamnati a kanta: shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, shirin bunƙasa noma na Shagari, hukumar raya karkara ta DFRRI da Babangida ya kafa a 1986, har zuwa bashin manoma na Babban Banki da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Duk waɗannan sun zo sun wuce, matasan kuma ba su fasa hawa mota ba. A ganina maganar ce kuskure tun daga tushe, kuma ƙauyen da ake iƙirarin ana tausayawa shi ya fi kowa ɗanɗana kuɗarta.

Matsayina shi ne wannan. Babu ƙasar da ta yi arziki a wannan zamani alhali mafi yawan mutanenta na duƙe da fartanya. Karkara takan samu wadata ne idan tana da babban birni mai ƙarfi a kusa da zai sayi amfaninta, ya sarrafa shi, ya kuma ɗauke mata rarar hannayen da gona ba ta bukata. Daga Zariya zuwa Damagaram, birnin da ke da wannan matsayi Kano ne. Duk mai son manomin Gumel ko makiyayin Mai'aduwa ya ji sauƙi, ruwan famfo da lantarkin Kano sun shafe shi, ko da bai taɓa taka Ƙofar Mata ba.

Tarihinmu ya riga masana faɗin haka. A 1851 Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, ya ce kuma adadin yakan ninka idan ayarin fatake suka iso da rani. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne tufafi. Saƙin Kano yana kaiwa Tambutu, yana kaiwa Gat da Murzuk, har Turabulus a bakin teku. To amma ba a cikin badala kaɗai ake yin waɗannan tufafi ba. A gonakin karkara ake noma auduga, matan ƙauye ke kaɗa zare, masaƙa na warwatse a garuruwa, manyan karofi kuma na wurare irin su Kura, inda ake rina turkudin da Buzaye ke naɗawa. Marinin Kura bai san hanyar Agadas ba, ba ya kuma bukatar ya san ta. Attajirin Kasuwar Kurmi ne ya san ta, shi ke da jari da amintattu a can. A cire Kurmi daga lissafin, sai marinin ya koma rina zannuwan matan unguwarsu.

Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun a shekarun 1960. Ya tarar da gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, suna ciyar da ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Ɗaya daga cikin dalilan jakuna ne. Da rani sukan shigo birni da itace da amfanin gona, su koma da mangaloli cike da taki: shara da toka da kashin dabbobin gidaje. Gonar da ta fi kusa da birni ita ta fi samun taki, ita ta fi albarka. Har jujin Kano ma karkara yake ciyarwa.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na gyaɗa. Turawa sun kawo layin dogo Kano a 1911, aka haɗa shi da Legas a 1912, kuma auduga suke hari domin masaƙunsu na Lankasha. Gyaɗa suka samu. 'Yan kasuwar Kano, musamman fataken goro da suka daɗe suna bin hanyar Gwanja, su suka fara gane inda riba take. Suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, suna ba manoma kafin kaka domin su noma gyaɗa. A kakar farko kayan da suka taru a tashar Kano sun fi ƙarfin jirgin. Babu ma'aikatar da ta ba da umarni, babu taron ƙara wa juna sani da aka yi. Manomi ya ji farashi daga bakin mutumin da ya amince da shi, ya sauya shuka. Daga nan aka samu irin su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa, daga nan kuma kwanon rufi da keke suka fara shiga ƙauyukan Kano da Katsina.

A nan dole in ba abokan jayayya haƙƙinsu, domin akwai gaskiya a hannunsu. Birni yana iya zama kaska a jikin karkara, kuma ya taɓa zama. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin cinikin amfanin gona suka karɓe sayen gyaɗa da auduga, suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, suna tara rarar. Da guminsa aka gina ofisoshi da gidajen ma'aikata a Kaduna, shi kuwa rijiyarsa ta burtsatse ba ta zo ba. Sai a 1986 aka rushe hukumomin. Amma a lura da wanda ya yi tatsar. Hukuma ce da ta hana manomi zaɓen mai saye. Kasuwar birni, inda dillalai goma ke rige-rigen buhunsa, ita ce ma ta fi ba shi kariya. Bai kamata laifin alƙalamin gwamnati ya hau kan Dawanau ba.

Tunda na ambaci Dawanau, a tsaya a can. Kasuwar hatsi ce da ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Manomin riɗi ko zoɓo a Maigatari ba shi da hanyar da zai san cewa a Meziko ana shan zoɓo kamar yadda muke sha, ko cewa Japan da Sin na neman riɗi. A Dawanau akwai wanda ya sani, akwai sito, akwai matan da ke tsince kaya, akwai injin tacewa, akwai mai tirela, akwai banki, akwai mai cike takardun fita da kaya. Babu ɗayansu da zai iya rayuwa da sana'arsa a garin mutum dubu ashirin, domin cinikin ba zai ishe shi ba. Sai sun taru wuri guda kowannensu yake samun aiki kullum, kuma taruwarsu ce ke mayar da zoɓon da a da ake shukawa a gefen gona ya zama abin da ake biyan kuɗin makaranta da shi. Haka fatar jar akuyar Sakkwato take bi ta kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa kafin ta isa Italiya. Haka shanshera daga Kebbi da Jigawa da Taraba take zuwa injinan casar shinkafa na kewayen Kano. Haka tumatir ɗin Kadawa yake samun mai saye.

Masana tattalin arziki suna da dogayen sunaye ga wannan abu, amma duk wanda ya taɓa kai waya gyara Farm Centre ya san shi. Yaro ya zo daga ƙauye bai iya komai ba, ya zauna gefen ubangidansa yana miƙa masa kaya. Rumfa ta gaba akwai gwani a wani fannin, ta gaba da ita akwai mai sayar da kayan gyara. Cikin shekara uku yaron ya buɗe teburinsa. Ilimin da ya samu babu makarantar da ta koyar da shi, yana yawo ne tsakanin rumfuna, kuma ba ya yawo sai inda rumfunan suke da yawa. Marubuciya Jane Jacobs ta gina littafinta na 1969 a kan wannan hujja, cewa sabbin sana'o'i a birane ake haifarsu, har da waɗanda ke inganta noma, sa'annan su bazu zuwa karkara. Injin ban ruwa da ke aiki a fadamar Haɗeja a Kano aka saye shi, kuma idan ya lalace Kano za a aika neman kayan gyaransa.

Zancen lafiya ma haka yake. Likitan ƙoda ko na ƙwaƙwalwa yana bukatar miliyoyin mutane a kewayensa kafin ya samu isassun marasa lafiyar da za su sa hannunsa ya faɗa, kafin kuma na'urorinsa su biya kuɗinsu. Shi ya sa za ka tarar da mutanen Daura da Nguru da Maraɗi a harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala. Ana iya gina ɗakin shan magani a kowace mazaɓa, kuma wajibi ne a gina. Ba a iya gina waɗancan a kowace ƙaramar hukuma, ko da kuɗin sun samu.

Alƙaluma ba su saɓa wa abin da ido ke gani ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin talauci mai fuskoki da dama, wato wanda ya haɗa rashin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara kashi 72 cikin 100 ne ke cikin wannan hali. A birane kashi 42 ne. Kashi 42 abin kunya ne, amma saurayin da ya ɗaure kayansa a buhu ya nufi tasha ya iya lissafi. Gonar da ta ciyar da kakansa an raba ta gado sau biyu, abin da ya faɗo hannunsa bai kai ya riƙe shi wata huɗu ba. A wasu sassan Zamfara da Katsina ma sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gonar. Idan ya zo Kano ya tura baro ko ya yi faci, abin da yake aikawa gida shi ke sayen takin da ƙaninsa zai zuba, shi ke biyan maganin mahaifiyarsa. Ci-rani ya girmi Najeriya. Mai cewa a mayar da wannan saurayi gida yana neman a raba kwano ɗaya tsakanin baki biyu, sa'annan a toshe hanyar da cefane ke shigowa.

Wanda ke shakkar nisan da inuwar Kano take kaiwa, ya tambayi mutanen Maraɗi. Alhazan garin, waɗanda Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu, da cinikin hanyar Katsina zuwa Kano suka tara dukiyarsu. Dabbobi da wake suna gangarowa kudu, hatsi da kayan masarufi suna hawa arewa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, an ga yadda kasuwannin Jibiya da Maigatari da Illela suka yi tsit, aka ji a jika ta kowane ɓangare na iyakar. Babban birnin Maraɗi a takarda Yamai ne. A kasuwa kuwa kowa ya san inda take fuskanta.

To me muka yi da wannan birni? Abu biyu, kuma dukansu ɓarna ne.

Na farko shi ne aƙidar raba daidai. A 1967 jihohi 12 ne a Najeriya, yau 36 ne, 19 a Arewa, ga ƙananan hukumomi 774. Kowace sabuwar jiha sai ta gina gidan gwamnati da sakatariya da majalisa da gidan talabijin, daga baya ta nemi filin jirgin sama. Dutse na da nata, alhali tafiyar da ke tsakaninta da filin jirgin Malam Aminu Kano ba ta kai awa biyu ba. Da yawan irin waɗannan filaye sai lokacin jigilar alhazai suke ganin hada-hada. Ban ce mutanen Jigawa ba su amfana da rabuwar 1991 ba. Sun samu hanyoyi da makarantun da a da ba su gani ba, kuma Funtuwa da Gusau da Haɗeja da Azare da Potiskum duk garuruwa ne da ya kamata su girma. Sai dai sakatariya ba ta haifar da kasuwa. Garin da albashi ke riƙe da shi, ranar da kason tarayya ya makara mai shayi ma sai ya sani. Kuɗin da da an tara su wuri guda za su isa a yi abin da zai ja yankin gaba ɗaya, an yayyafa su kamar ruwan da aka watsa a rairayi. Irin wannan tunani ne aka kafa hujja da shi a 2019 da aka raba masarautar Kano gida biyar, wai don ci gaba ya isa Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, kamar fada ce ke kawo masana'anta. An rushe dokar a 2024, aka shiga kotuna, ruwan famfo kuwa yana nan inda aka bar shi.

Na biyu ya fi ciwo, domin 'yan gida ne suka yi shi. Masu mulkin Kano, ba tare da na ware wata jam'iyya ba, sun ɗauki birnin a matsayin allon da za su rubuta sunansu. Gadar sama a Ƙofar Nassarawa, wata a titin Murtala Muhammad, wata a Dangi, wata a Hotoro, wasu kuma na tafe. Gada tana da amfaninta, tana kuma da kyau a hoto. Amma mafi yawan mutanen Kano ba su da mota. A ƙarƙashin waɗannan gadoji za ka ga ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, a jihar da Audu Bako ya gina mata madatsar Tiga tun a 1974, aka ƙara mata ta Challawa a farkon shekarun 1990. Ruwan yana nan. Bututun da zai kai shi Rijiyar Lemo da Kurna da Ɗorayi, da wutar da za ta tura shi, su ne babu, saboda bututu a ƙarƙashin ƙasa yake kuma ba a yanka masa kyalle. Talakan da ke sayen jarka yana biyan kuɗin ruwa fiye da mai kuɗin da ya haƙa burtsatse a gidansa.

Sufuri ma haka. An hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka bar birni mai miliyoyin mutane a hannun Adaidaita Sahu. A 2016 aka sanar da yarjejeniyar gina jirgin ƙasa na cikin gari da wani kamfanin Sin, har yau babu wanda ya hau shi. Legas ta fara manyan motocinta masu hanyarsu ta musamman a 2008, ta buɗe layin jirginta na farko a 2023. Ma'aikacin da ke zaune a Ungogo yana aiki a Sharaɗa, kaso mai tsoka na abin da ya samu a hanya yake ƙarewa. Idan kuɗin mota ya fi ƙarfinsa sai ya haƙura da aikin, ya zauna ya yi abin da ya samu a unguwa. A lokacin ne birni yake daina zama kasuwar aiki guda ɗaya, ya koma tarin ƙauyuka da ke manne da juna, da cunkoson birni amma babu ribarsa. Rahoton Bankin Duniya na 2017 kan biranen Afirka ya siffanta su da abu uku: cinkoso, rashin haɗuwa, da tsada. Kamar Kano aka zauna aka zana.

Ga unguwannin awon igiya da ke ta miƙewa ba hanya ba magudana, saboda mallakar fili a hukumance ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Ga kududdufan da a da ke shanye ruwan sama an cike su an yi shaguna, har ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa. Ga birni guda a hannun ƙananan hukumomi takwas, Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Kumbotso da Ungogo, babu ɗaya da ke da alhakin birnin a dunƙule, alhali gine-gine sun riga sun tsallaka zuwa Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Sai kuma lantarki. Kano da Katsina da Jigawa tare kusan kashi 8 cikin 100 ne rabonsu daga wutar ƙasa, wadda ita kanta ba ta cika wuce megawat 5,000 ba. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. Wanda ya san Bompai da Sharaɗa a shekarun 1980, lokacin da jiniya ke kaɗawa dubban ma'aikata suna sauya aiki, ya je yau ya ƙirga masana'antun da suka koma sito na kayan da aka shigo da su daga waje.

Me ya sa gwamnoni ba su damu ba? Domin ba daga birnin suke ci ba. A 2023 kuɗin shigar da Legas ta tara da kanta ya haura naira biliyan 800. Na Kano bai kai biliyan 50 ba. Gwamnan Legas ya san idan kasuwanci ya tsaya, baitulmalinsa ya tsaya. Gwamnan Kano kuwa, ko Bompai ta rayu ko ta mutu, kasonsa na man fetur zai iso daga Abuja a ƙarshen wata. Wasu masana uku, Gollin da Jedwab da Vollrath, sun nuna a 2016 cewa ƙasashen da ke dogaro da ma'adinai biranensu sukan girma ne a matsayin wuraren kashe kuɗi, cike da 'yan tireda da masu ƙananan hidimomi, ba tare da masana'antu ba, kuma irin waɗannan birane sun fi yawan unguwannin talauci. Kano ta yi ƙarni da ƙarni tana ƙera abin da take sayarwa. A cikin shekara arba'in muka mayar da ita dillaliyar atamfar Sin.

Na san amsar da za a ba ni: daba, ƙwacen waya, shaye-shaye, yara a titi da kwano. Duk gaskiya ne, ni ma a garin nake kwana. Amma a dubi wanda ke ƙwacen wayar. Galibi ɗan unguwa ne da aka haifa a birni, ya tashi bai ga makarantar kirki ba, bai ga masana'antar da za ta ɗauke shi ba. Baƙon da ya zo ci-rani yana can yana tura baro. Waɗannan cututtuka na birnin da aka ƙi yi wa hidima ne, kuma korar baƙi ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Karkarar da ake kwatanta mana kamar aljanna kuwa, daga dazukanta ne aka fi jin ƙarar bindiga a shekarun nan.

Akwai kuma wani abu da Kanawa kansu ya kamata su ji, ko da ba daɗi. Baƙi ne suka gina garin nan. Wangarawa sun zo tun zamanin Sarki Yaji. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Turabulus suka zauna.  Duk lokacin da aka zubar da jini a garin, a 1953 da 1966 da 1991 da 2004, ko ranar 20 ga Janairun 2012 da Boko Haram ta kai hari, wasu masu jari da masu sana'a sun tattara sun tafi, kuma ba duka suka dawo ba. Tumbin giwa da ya fara tambayar takardar shaidar zama ɗan jiha kafin ya haɗiye mutum ya fara ƙanƙancewa ke nan.

Abin da nake nema ba shi da ban mamaki. Hukuma guda da za ta riƙe birnin a dunƙule, da kasafinta, da wanda za a kama idan famfo ya ƙafe. A dakatar da gada ta gaba a sa kuɗinta a bututu da manyan motocin haya. A shata hanyoyi da magudanai a gefen gari tun kafin gidaje su iso, domin shata fili a gona ya fi rusa gida arha. Gwamnonin Jigawa da Katsina kuma su daina kallon Kano a matsayin kishiya, su zauna da nata gwamnan a kan lantarki da hanyoyin da ke kai amfanin gona kasuwa, tunda manomansu a can suke sayarwa. Wannan shi ne aikin raya karkara mafi girma da za su iya yi, ko da yake babu allon da zai ɗauki hotonsu a kai.

Lokaci kuma ba ya jira. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ana jawo bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a 2020. Dukansu sun makara, amma wata rana za su iso. A 1912 jirgi ya tarar da fataken da suka riga suka shirya masa kaya. Wannan karon, idan gas ɗin ya iso Tamburawa, masana'antun da za su ƙona shi da yawansu babu ko inji a ciki, kuma a duk tsawon taron nan na otal, wanda ya ci yini guda har da hutun cin abinci, babu wanda ya tambayi abin da za a loda wa jirgin Maraɗi.